Kawuna na Siminti

Kawuna, wan mahaifiyata, mutum ne da Allah ya yi wa baiwar faɗa. Ba ya dukan kowa, bakinsa ne ba ya hutawa. Idan gari ya waye bai sami wanda zai yi musu da shi ba, sai ya zaga bayan gida ya zagi jakinsa. Shi da matarsa, wadda dukanmu muke kira Iya, sun tsufa suna cacar baki a kan gishirin miya da kaurin fura, har ƙauye ya san cewa ranar da aka ji gidan shiru, to ɗayansu ba shi da lafiya. Maƙwabcinsa na lambu, wani gajeren tsoho mai noman albasa, abokin rigimarsa ne tun suna samari. Yau iyakar lambu, gobe ruwan rijiya, jibi akuyar wane ta ci ganyen wane. Idan sun gaji da ɗaga murya sai su zauna gindin bishiyar bedi su sha shayi tare.

Ƙauyenmu yana gefen fadama, idan ka bar hanyar Galma ka nufi duwatsu. Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a babban garin da muke cin kasuwarsa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanen da suka yi abin da zan ba da labari da yawansu suna raye, kuma ba mugunta suka nufa ba.

Wata shekara manyan garin suka yanke cewa gari ya girma, ya kamata ya sami abin da baƙo zai gani ya tuna da shi. Aka ce za a gyara shataletalen da hanyoyi suke haɗuwa, a kafa mutum-mutumin manomi a tsakiya, babba, riƙe da hauya. Aka yi ta gardama a majalisun shayi. Wasu suna cewa pampon unguwarsu ya mutu tun bara, ɗakin haihuwa na likita, wato asibiti, yana yoyo, sai a zuba dukiya a gunki? Malamai suka ce haramun ne, suka faɗa a masallaci. Wasu kuma suka ce duk garin da ake ji da shi yana da abin nunawa, mu ne kawai mota take wuce mu kamar ta wuce juji. Ni ina cikin masu zagin aikin, kuma muryata ta fi ta kowa, don ajin da nake koyarwa rumfar kara ce. Amma da aka nemi wanda zai yi wa maginin tafinta, ni aka kira, na kuwa je, saboda ina son in ga abin da idona.

Maginin baƙo ne daga wata ƙasa ta bakin teku, Faransanci kawai yake ji, mutum mai fara'a da son aikinsa. Ya ce ba zai zuba fuska daga kansa ba, yana son manomi na gaskiya. Ranar kasuwa muka zaga tare. Can wajen masu buhunan albasa muka ji hayaniya, sai ga Kawu tsaye, dogo, siriri, jijiyar wuyansa a miƙe, yana gaya wa wani dillali asalinsa. Maginin ya kama hannuna ya ce ga mutuminsa.

Na yi zaton Kawu zai ƙi. Ashe girman kai ya fi ƙarfin tsoron malamai. Da na bayyana masa, sai ya gyara hula ya ce, “To wa za su ɗauka da? Wancan gajeren? Sai an sa mishi turmi shi taka.”

Muka je ƙauye da maginin don ya ɗauki hoto ya yi awo. Da muka shiga gida sai ya laluba aljihu, ya ga ya manta abin awonsa a gari. Bai damu ba. Ya waiga, ya zaro dogon karan dawa daga dannin gidan, ya ce in gaya wa Kawu ya kwanta a tabarma ya miƙe sosai. Kafin kaina ya kawo abin da ke faruwa, Kawu ya kwanta, baƙon ya shimfiɗa karan a gefensa daga kai zuwa diddige, ya karya shi daidai tsawonsa.

A wurinmu sau ɗaya ake ajiye kara a gefen mutum, ranar da ya rasu, a karya shi daidai tsawonsa a ba masu haƙan kabari. Matan da suka leƙo kallo suka ja da baya. Iya ta saki ludayin da ke hannunta.

“Wa ka awon mai rai da kara?” in ji ta. “Kai ɗan lakwal, hwaɗa mishi shi aje karan ga!”

Kawu yana kwance ya yi dariya. “Ke da kika son in mutu tun bara, ga shi an yi miki awo kyauta.”

Na fassara wa baƙon, ya ba da haƙuri da gaske, amma ya ce yana bukatar awon. Ya sa karan a mota muka tafi. Na waiga na ga Iya a ƙofar gida tana bin motar da ido, ba ta ko ɗaga mana hannu ba.

Kakanninmu azna ne, gidan bai daɗe da kama salla ba in aka kwatanta da na wasu. Don haka tun ranar tsofaffin mata suka fara magana ƙasa-ƙasa, cewa irin jinin nan ba a yi masa siffa, don abin da aka yi wa siffar yana iske mai ita. Ni na yi musu dariya. Na karanta littattafai, ina da albashi, tsofaffi ba za su tsorata ni da karan dawa ba.

Ranar da aka yaye ƙyallen da aka rufe mutum-mutumin da shi, na daina dariya. Baƙon ya iya aiki fiye da yadda ya kamata. Tsagar fuskar Kawu tana nan, da kunnensa na hagu da ya fi na dama faɗi, da ƙaramin yatsan da jaki ya taɓa karya masa ya warke a lanƙwashe. Bakin ma a ɗan buɗe yake, kamar mai shirin mayar da magana. Tsawonsa ya kai na soro. Mutanen ƙauyenmu da suka cika mota suka zo kallo suka yi cirko-cirko, suna duban na siminti a sama suna duban Kawu a ƙasa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: abin ya yi wani amfani. Motocin da suke wucewa da gudu suka fara tsayawa, matafiya suna ɗaukar hoto, mata suka kafa tallan ƙosai da dafaffen ƙwai a gefen shataletalen. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur suka mai da wurin tasharsu, kowa yana cewa a sauke shi wajen Tsoho, sunan da aka laƙaba wa mutum-mutumin. Manoman da ba a taɓa tambayarsu komai ba suka riƙa wucewa suna ɗaga kai, suna ganin irinsu a tsakiyar gari. Pampon unguwar can dai bai tashi ba, ajina kuma ya ci gaba da zama rumfa. Kawu kuwa ba a magana. Duk wanda ya yi musu da shi sai ya ce, “Kai a wane gari anka gina ka?”

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne wa zai kula da shi bayan biki. An ware kuɗin gini, an ware na makaɗa da na abincin baƙi, ba a ware ko kwano ɗaya na siminti don gyara ba. Baƙon ya koma ƙasarsu. Rana ta ci fentin, ruwa ya shiga ƙananan tsagu.

Wata damina motar albasa ta ƙwace ta daki gindin ginin, gwiwar dama ta tsage. Ba a daɗe ba aka aiko mini cewa gwiwar Kawu ta dama ta kumbura, ba ya iya durƙuso a salla. Na ce tsoho ne, gwiwar tsoho ba ta rasa dalilin kumburi. Bayan wani lokaci hannun Tsoho da ke riƙe da hauya ya ɓalle daga gwiwar hannu, ya rage ƙarafa masu tsatsa a waje. A cikin watan Kawu ya tashi da safe kofi ya faɗi daga hannunsa, yatsun suka ƙi damƙuwa. Muka kai shi likita, aka auna, aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi. Na maimaita wa kowa abin da likita ya ce, da ƙarfi, har da bugun tabarma. Suka ce to, suka ci gaba da kallona.

Daga nan Kawu ya ɗauki gyaran a kansa. Duk ranar kasuwa sai ya zo da ɗan siminti a ƙullin leda, ya kwaɓa a tsohon kwano, ya bi tsagun da hannunsa mai lafiya yana liƙewa. Inda bai kai ba ya sa 'yan kabu-kabu su hau masa, yana ƙasa yana zaginsu don ba su iya shafe ba. Idan na je ƙauye, kafin ya tambayi iyalina sai ya ce, “Yaya ka baro shi?” Nakan ce lafiya lau, ko da na ga sabuwar tsaga.

Abu ɗaya ne har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Wata ranar hutu na tarar da shi yana sosa kunnen hagu da tsinke, yana cewa wani abu yana yi masa kuka a ciki tun kwanaki, ba ya barin sa ya ji kiran salla sosai. Iya ta ɗiga masa man shanu, bai daina ba. Bai je gari ba a tsakanin, don ƙafar ta hana shi. Da na koma, da rana tsaka, na ari tsani wajen mai shago na hau, ni dai don in tabbatar wa kaina babu komai. A cikin kunnen hagu na siminti zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, yana shiga yana fita. Daga ƙasa ba mai iya ganinsa. Na fasa ɗakin da makullin babur ɗina, na sauko. Ban gaya wa kowa ba. Da yamma Iya ta kira ni a salula a kan wata magana dabam, a ƙarshe ta ce kunnen kawunka ya yi shiru tun azahar.

Sai aka sami sababbin manya a garin. Suka dubi Tsoho, hannu guntule, jiki duk faci kala-kala na simintin Kawu, suka ce wannan abin kunya ne a gaban baƙi. Za a rushe shi a kafa hasumiyar ƙarfe mai fitilu, wadda ta fi shi tsawo da tsada. Malamai suka yi murna. Masu shayi suka koma gardamarsu ta da, kalma bayan kalma, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Na raka Kawu ofishin magajin gari. Ranar ce kaɗai na ga ya yi magana da wani a hankali. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Ku ba ni shi in kai gona,” in ji shi. “Ba ni son komi naku. Ku bar min shi dai tsaye.”

Wanda ya karɓe mu saurayi ne mai ladabi. Ya ce a haɗe yake da gindinsa, ba ya ɗaukuwa sai an fasa. Ya yi alkawarin za a ba Baba babban hoto a cikin gilashi don tunawa. Ya kuma faɗa mana ranar da katafila za ta zo, don a cewarsa ya kamata Baba ya sani.

Kawu ya koma ƙauye ya fara shiri, a natse, yadda mutum yake shirin tafiya. Ya raba gonarsa da lambunsa ga 'ya'yansa a gaban shaidu. Ya ba da jakin. Ya bar wa kansa 'yan awaki kawai, ya ce a yanka wa masu zuwa gaisuwa. Sannan ya ɗauki sandarsa ya bi ƙauyen gida gida yana neman gafara. Mutumin da ya zagi kowa, har da waɗanda ba su yi masa komai ba, yana da gidajen shiga da yawa. Ya durƙusa wa matan da ya kushe wa miya, ya kama hannun yaran da ya kora daga lambu. Da ya je wajen gajeren maƙwabcin nan, an ce sun daɗe rungume da juna suna kuka. Kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Na yi faɗa, na ce wannan shirme ne, na ce siminti siminti ne. Kawu ya dube ni ya ce, “Kai ma ka gahwarta min, ɗana.” Na ce na yafe.

Ranar rusawar ina gari, don Kawu ya ce in tsaya in ga yadda za a yi da Tsoho. Da hantsi katafila ta zo. Aka ɗaura sarƙa a wuyan Tsoho, aka ja. Bai faɗi da wuri ba, ƙarafan ƙafafunsa suka yi ta ƙara, sannan ya kife da fuska a kan kwalta. Kan ya rabu ya gangara gefen masu ƙosai, ya tsaya yana kallon sama da bakin nan a buɗe. Wata mata ta cire mayafinta ta rufe shi. Ban san ta ba, ba kuma 'yar ƙauyenmu ba ce.

Nan take na kira Iya. Ta ce Kawu yana kwance a ɗaki tun safe, ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya fuskanci gabas. Tsakar gida cike da mutane, maza a waje a kan tabarmi. Ta ce yana numfashi. Na hau babur na kama hanya, ina tsayawa ina kira, amsar ɗaya ce.

Na isa na zauna cikin maza. Kowa yana jan tasbihi. Azahar ta yi, aka yi salla aka dawo aka zauna. Bayan la'asar sai muka ji tari, labulen ɗakin ya motsa, Kawu ya fito a cikin fararen kayan nan, ya tsaya a ƙofa yana ƙifta ido. Ya dubi taron da ya cika masa gida, ya ce yana jin yunwa.

Iya ta kawo fura. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, “Wagga hura ta ko ruwan wanki?” Na jira amsarta, don na san tana da ita a shirye. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Yi haƙuri, bari in ƙaro gari.” Kawu ya bi ta da kallo har ta shiga madafa. Mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ba su san gaisuwar da za su yi masa ba, wasu suka ce Allah ya ƙara sauƙi, wasu suka sulale suka fita.

Na yi murna ranar, na ɗauka an gama, gaskiyata ta fito. Ashe ƙauyen ya riga ya yi ban kwana da shi, kuma bai san yadda ake warware ban kwana ba. Wanda ka yafe wa duniya da lahira, da wane baki za ka sake zaginsa? Ba su guje shi ba, ba su ce masa maye ba. Kirki suka yi masa, irin wanda ake yi wa mai jiran ajalinsa. Idan ya shiga majalisa sai a rage murya a ba shi wuri mai inuwa. Idan ya taya kaya a kasuwa da rabin kuɗinsu don ya tsokani mai kayan, sai a ce ɗauka, Baba. Ya ce wa liman karatunsa ya yi tsawo, liman ya gode masa. 'Ya'yansa suna noma gonar da ya ba su, suna kawo masa hatsi da ladabi, ba mai barin sa ya taɓa hauya. Iya tana tafiya a tsakar gida a hankali kamar mai gudun tada barci. Gidan da ake jin hayaniyarsa daga bakin rijiya ya koma shiru, sai kukan awaki.

A gari hasumiyar ta tashi, fitilunta suna canza launi. Mutane sukan tambaye ni, ni da na ga na farko da na biyu, ko irin waɗannan gine-gine sun cancanci abin da ake zuba musu. Nakan ce ban sani ba, kuma da gaske nake. Matafiya suna ɗaukar hoto a gabanta kamar yadda suka yi a gaban Tsoho, masu ƙosai suna nan a inda suke.

Da rani, lokacin da albasa ta yi kyau, na je ƙauye na tarar da Kawu zaune a ƙofar gida, ya sa hularsa a karkace yadda yake yi idan yana jiran rigima, idanunsa suna ƙyalli. Ya jawo ni ya raɗa mini cewa da safe ya kwance awakinsa da hannunsa, ya kora su cikin lambun gajeren maƙwabcinsa, ya tsaya har ya ga sun shiga tsakiyar fangalin albasa.

“Yau za ka ji,” in ji shi. “Albasa tai ita ta ransa. Yau sai ya zage ni har kakana.”

Muka zauna muna jira. Yana ta gyara zama, yana gwada amsoshin da zai mayar, yana dariya shi kaɗai. Ban ga ya yi farin ciki haka ba tun kafin katafila. Can muka hango gajeren tsohon yana tahowa, yana jan awakin da igiya, cikinsu ya yi tim da ganyen albasa. Kawu ya miƙe da sandarsa, ya buɗe ƙirji.

Tsohon ya wuce mu ya shiga, ya ɗaure awakin a turakunsu, ya duba ƙullin sosai. Ya fito ya tsaya gaban Kawu, bai ɗaga ido ba.

“Sun ɓalle, na maido ma su,” in ji shi. “Ba komi, wallahi ba komi. Allah shi ba mu alheri.”

Ya juya ya tafi. Kawu ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a hankali, ya ajiye sandar. Ya juya tafin hannunsa yana dubawa, ciki da baya. Sai ya kamo wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya matse.

“Ɗana, kai ba ka tsoron kowa, kai ka musu da ni kullum. Hwaɗa min gaskiya. Ranar nan, na mutu?”

Na so in daka masa tsawa, in ce masa tsohon banza, ka ɓata wa mutum lambu kana tambayar shirme. Na buɗe baki da niyyar haka.

“A'a, Kawu,” na ce. “Kana nan.”

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, a tausashe, irin wadda ake gaisuwar rasuwa da ita. Ya ji, ni ma na ji. Ya saki hannuna.